Tarakta tana juyawa ta ƙi tashi: a dubi hayaƙi kafin a kwance famfo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fata kana lafiya da dukkan ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana manoma da direbobin tarakta, musamman masu ƙananan nan da suka yi yawa yanzu a hannun ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane, irin su Kubota da Yanmar da Iseki na hannu da ake shigowa da su, da ƙananan Mahindra da Sonalika. Ni dai aikin da na sani kenan, na tuƙa na kuma gyara, tun zamanin da ake haɗa Steyr a Bauchi ana haɗa Fiat a Kano nake cikin wannan sana'a, kuma abin da yake damuna duk shekara ɗaya ne.

Da an yi ruwan farko zaka ji kuka ko'ina, tarakta ta ƙi tashi. An murza makulli, kik yana juya injin sarai, amma shiru, ta ƙi kamawa. Sai a kira bakanike, shi kuma tun kafin ya ajiye babur ɗinsa ya ce injekta ce, wato famfon da yake tura mai cikin injin, a kwance famfo a kai birni wajen masu saiti. To famfon nan idan ya fita ba yau zai dawo ba, ga kuɗin mota ga kuɗin saiti ga na ɗaurawa, wani lokacin ma a dawo da shi a ɗaura ba a kan taimin ba, wato ba daidai lokacin da ya kamata ya tura mai ba, abin da da ba matsala ya zama matsala. Su kuma manoman da suka ba da kafin alkalami don a yi musu haro suna nan suna jira, laimar ƙasa tana tafiya, ciyawa tana tasowa, wanda ya so yayi shuka da wuri ya koma sahun baya. Wallahi abin yana ci min rai, domin a mafi yawan waɗanda na gani da idona famfon lafiyarsa lau, abin da ya hana ta tashi bai wuce aikin sifana ɗaya da tsumma ba.

Bari in fara da yadda injin gas, wato dizal, yake aiki, don da yawa daga yaranmu a kan babur da janareton fetur suka koyi hannu, sai su zo kan tarakta da wannan tunanin. Injin gas ba shi da filogi mai ba da wuta. Iska zalla yake sha, fistin ya matse ta sosai, a ƙananan injinan nan yana matse ta kusan ninki 17 zuwa 23, na fetur kuwa bai cika wuce 10 ko 11 ba. Wannan matsin ne yake sa iskar tayi zafi har ta haura digiri 500, kamar dai yadda bakin famfon keke yake ɗaukar zafi idan kana ba taya iska da ƙarfi, sai nozul, wato ɗan bakin feshi da yake kan kowace silinda, ya feso mai a cikin wannan zafin ya kama da kansa. Shi kenan sirrin. Saboda haka idan ya ƙi tashi, ko dai mai bai iso ba, ko ya iso bai samu zafin da zai ƙona shi ba, ko iskar ce ta yi kaɗan. Duk wani bincike a kan wannan yake tafiya.

Abu na farko kunnenka ne. Mutum zai ce maka ai tana juyawa, batir lafiya, amma juyawa iri iri ce. Injin gas yana son a juya shi da sauri, idan kik yana jan jiki yana wani nishi to zafin da aka tara yana zurarewa ta jikin ƙarfe kafin fistin ya kai sama, ba zai taɓa kamawa ba ko mai ya cika shi. Batir mai lafiya idan ya huta ka sa mita zai nuna kusan bolt 12.6, kuma lokacin da ake kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba. In ba ka da mita duba fitila, idan ta kusa mutuwa gaba ɗaya lokacin kik ka san inda matsalar take. Kuma ba kullum batir ɗin ne ya mutu ba, sau da yawa kan batir ne ya tara wannan farin garin, ko wayar at wacce aka ɗaure a jikin bodi tayi tsatsa a wurin notin. Kwance su ka goge da sanfefa har ƙarfe yayi haske ka ɗaure tam. Taɓa wayoyin bayan kik, wurin da yayi zafi nan ne wutar take maƙalewa. Sannan dan Allah a daina danne makulli minti guda cur ana addu'a, sakan 10 zuwa 15 ya isa, a bar shi ya huta kamar rabin minti ko fiye, in ba haka ba kik ya ƙone an ƙara wani kashin kuɗi a kan wanda ake ciki.

To idan juyawar tana da ƙarfi, sai ka sa wani ya hau kujera ya tabbatar giya tana firi ya ja birki, ya buɗe totur, kai kuma ka koma gefe ka zuba ido a bakin salansa yana yin kik. Wannan shine abin da nake roƙon kowa ya riƙe daga wasiƙar nan ko da ya manta sauran. Idan babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya shiga injin. Idan farin hayaƙi ne mai warin ɗanyen gas har yana yaji a ido, mai yana shiga amma ba ya ƙonewa. Idan baƙi ne yana fita buf buf kamar zata kama ta fasa, yawanci iska ce bata isa ba. Wannan kallon na sakan 10 kyauta ne, amma shi zai gaya maka ɓangaren da zaka sa hannu, kuma bakaniken da ya ce a kwance famfo bai tsaya ya kalli salansa ba, ni dai bana ba shi sifana.

Mu ɗauki na farkon tunda shi ya fi yawa, ba hayaƙi. A nan tanki ake farawa a bi mai taki taki har zuwa nozul, ba a tsallake. Kar ka yarda da geji, buɗe murfi ka sa sanda mai tsabta ka gani, geji yana maƙalewa kuma gas yanzu abin sata ne, tun da yayi tsada a 2022 ba a barin tarakta a waje da mai a ciki a kwana lafiya. Lokacin da kake buɗe murfin ka saurara, idan ka ji ya ja iska fuu to ɗan ramin numfashin murfin ya toshe da ƙura, tanki ba ya samun iska don haka mai ba ya sauka. Duba famfon buɗe mai da yake ƙasan tanki ko jikin filta, wanda ya ajiye ta bayan kaka zai iya rufe shi ya manta bai faɗa wa kowa ba. Tsofaffin taraktoci masu abin kashewa da ake ja da hannu, a tabbatar an mayar da shi ciki, kuma a bi wayar har jikin famfo a gani ko can ɗin ya koma, don wayar tana tsatsa ta maƙale, a gaban direba ta shige amma a jikin famfo tana nan a kashe.

Waɗanda kuma makulli ne yake kashe su, akwai wani ɗan abu a jikin famfo da ake kira solonoyid, a yawancinsu shi yake buɗe wa mai hanya idan wuta ta zo masa. Ka murza makulli zuwa inda ƙananan fitilun gaban sitiyari suke kamawa ba tare da kik ba, ka kasa kunne ko ka ɗora yatsa a kansa, ya kamata ka ji ƙas. In ba ka ji ba duba fiyus, duba soket ɗinsa, bi wayar da hannu. Na taɓa zuwa wajen wata tarakta ta ƙungiyar manoman shinkafa, na tarar har an kwance bututan nozul an jera a kan buhu ana shirin cire famfo, na ce a dakata. Da muka ɗaga murfin gaban sitiyari sai ga sheƙar ɓera, ɓawon gyaɗa da yagaggen buhu da kashinsa, ya ci rigar wayoyi har tagulla ta fito, ɗaya ta rabu biyu. Wayar solonoyid ce. Aka haɗa aka naɗe da tef, aka mayar da bututu aka cire iska, ta tashi. A ɗakin ajiyar hatsi suka ajiye ta duk rani, to me ake jira. Haka kuma sababbin nan suna da makunnan tsaro a ƙarƙashin kujera da jikin kuloci da giya da shaf ɗin baya da ake ce ma fitiyo, yawancinsu kik ɗin suke hanawa gaba ɗaya, amma a wasu samfurin na kujera mai yake yankewa, sai ka ga tana juyawa ta ƙi kamawa ko ta kama ta mutu nan take. A gyara su, kar a haɗe wayoyinsu a ce an huta, don ranka aka sa su.

Daga nan sai filta. Yawancin ƙananan nan suna da ɗan kofi mai haske a ƙasan filta, ka goge shi da tsumma ka haska fitilar waya. Ruwa ya fi gas nauyi, zaka gan shi a ƙasa ya yi layi sarai tsakaninsa da mai, a wasu har akwai ɗan jan zobe a ciki wanda yake tasowa idan ruwa ya taru. Wani lokacin ba ruwa kaɗai ba, wata baƙar dauɗa ce mai yauƙi da take tsirowa a tanki idan ruwa da gas suka daɗe tare, ita take like filta ruf. Kwance kofin ka zubar ka wanke da gas mai tsabta, filtar kuma idan tayi baƙi a canza ta, ba a wanke filtar takarda da fetur a mayar, yaudarar kai ne. Idan ka cire tiyon da ya taso daga tanki mai ya kamata ya zubo da ƙarfi, idan ɗigo yake to bakin tankin ne ya toshe, na sha ciro guntun leda da tsumma daga nan, irin wanda ake toshe bakin jarka da shi ya faɗa ciki. Kuma ka shinshina man, ka murza a yatsa. Gas na gaskiya yana da santsi. Wanda aka surka da kananzir ko aka kuskure aka zuba fetur zaka ji shi a bushe, warinsa daban, kuma shine yake cinye famfo a hankali domin man da kansa shine yake shafe cikin famfon. Mai sayen mai a wajen 'yan bumburutu saboda gidan mai yayi nisa ban ga laifinsa ba, amma ya tace da ƙyalle mai kyau a mazurari, idan a duro yake ajiyewa ya bar shi ya kwana ya kwanta kafin ya ɗiba, kuma kar ya zuƙo na can ƙasa.

Yanzu babbar magana, iska a cikin layin mai. Duk taraktar da mai ya ƙare mata tana aiki, ko aka canza filta, ko aka kwance tiyo, to ta sha iska, kuma famfo ba zai iya tura iska ta buɗe nozul ba, matsewa kawai take yi ta dawo. Ko ka cika tanki fal ba zata tashi ba sai an yi abin da kanikawa suke ce ma bilidin. Ba wuya. A saman filta akwai ɗan noti, sassauta shi kaɗan ba cirewa ba, idan tankin yana sama mai zai gangaro da kansa, idan akwai ɗan famfon hannu a gefen injin sai ka dinga dannawa. Da farko kumfa ce zata fito tana tsartuwa, ci gaba har sai mai ya fito zalla ba kumfa ko ɗaya, sannan ka ɗaure yana cikin zuba. Idan ka ji famfon hannun sakwaf ba ya kama komai, ɗan juya injin kaɗan ka sake, wani lokacin a kan tudun kam, wato ƙarfen da yake danna shi, ya tsaya. Sai ka matsa gaba zuwa notin da yake jikin babban famfo kayi haka nan. In har yanzu ta ƙi, sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul, kamar rabin juyi, totur a buɗe, a yi kik har ka ga mai yana tofowa tsit tsit a kowane ɗaya, ka ɗaure, yawanci tun kafin ka gama ɗaure na ƙarshe zaka ji ta fara kamawa.

A nan zan ja kunne da babbar murya. Man da yake fita daga famfo zuwa nozul ƙarfinsa ya ninka iskar tayar mota sau 50 ko fiye, yana huda fata ya shige cikin nama, ramin ɗan mitsitsi kamar ba komai amma cikin sa'o'i hannu ya kumbura, in ba a yi aiki a asibiti da wuri ba ana iya rasa yatsa ko hannun. Kar ka sa yatsa kana laluben inda yake yoyo, sa guntun kwali. Kar ka cire nozul ka riƙe a tafin hannu ana kik don ka ga feshinsa. Idan tsautsayi ya faru a tafi asibiti nan take a gaya musu gas ne ya shiga da ƙarfi, ba maganar ɗaurewa da tsumma a ci gaba da aiki ba ce. Sababbin injina kuma masu kwamfuta, waɗanda zaka ga waya ta shiga kan kowane nozul, su ba a sassauta bututunsu kwata kwata, ƙarfin nasu ya ninka wancan nesa ba kusa ba, a bar wa wanda yake da na'urar.

Wani abin da yake rikita mutane, a yi bilidin ta tashi tayi aiki yini guda lafiya, gobe da safe ta sake ƙi. Wannan ba famfo ba ne, wani wuri ne yake shan iska cikin dare mai ya koma tanki. Tiyon roba da rana ta busar ya tsattsage, ko 'yar washar tagulla da aka ɗaure aka kwance har ta gaji, ko zoben robar kofin filta da bai zauna daidai ba, ko an sa sabo a kan tsohon da ya maƙale a ciki ba a lura ba. Abin haushin shine wurin ba lallai ya zubar da mai ba, iska yake ja ciki kawai, sai dai ka ga ɗan damshi da ƙura ta like a kai. Inda duk ka ga wannan damshin nan zaka nema. Kayan nan duka kuɗinsu bai kai na litar mai biyu uku ba.

Sai fa idan mai mai tsabta ya iso famfo ba kumfa, solonoyid yana aiki, abin kashewa yana daidai, kik yana da ƙarfi, amma bakin nozul a bushe ƙayau, to a lokacin ne maganar famfo ta taso, kuma ni ma a lokacin zan ce a kai shi wajen masu saiti. Yana faruwa, musamman wacce ta shekara a ajiye da tsohon mai, ƙarfen da yake raba mai a ciki ya kan daskare. Ko a nan ɗin a sa alama a jikin famfo da injin kafin a cire, a ƙirga 'yan siraran faifan da suke ƙarƙashinsa a adana su, don a irin su Kubota da su ake saita taimin, ɗaya ya ɓace an shiga wani sabon aiki. Kuma a toshe bakin kowane bututu da leda mai tsabta, ba a zube su a ƙasa cikin yashi ba.

Farin hayaƙi kuma labarinsa daban, mai yana zuwa, zafi ne babu. Masu noman rani su suka fi sanin wannan, lokacin alkama a Kadawa ko Haɗeja ko Bakolori, sanyin asuba na Disamba da Janairu. Da yawa daga ƙananan injinan Japan ɗin nan suna da hita, wato ɗan ƙarfe mai ɗumama iska da wutar batir, a kan kowace silinda, wasu kuma a bututun shan iska take, kuma an yi su ne a kan sai an kunna ta. Akwai wurin da ake tsayar da makulli, a wasu baya ake murzawa, a riƙe kamar sakan 5 zuwa 10 ko har fitilar mai zanen murɗaɗɗiyar waya ta mutu, sannan a yi kik. Na ga direbobi da dama da ba su san ma akwai wannan ba, ba laifinsu ba ne, ba wanda ya nuna musu, littafin kuma in ma ya zo da Japananci yake. Hitar tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mai rewaya zai iya gwada su da mita cikin minti kaɗan, kuma a duba ko wuta tana zuwa kan ƙarfen da ya haɗa su. Ruwa a cikin mai shi ma yana ba da farin hayaƙi, haka bawul da ya matse don an daɗe ba a yi saitin tafet, wato tazarar bawul, ba.

Idan duk wannan lafiya to sai a fara zargin matsi, wato ringi da silinda sun cinye. Alamarsa tun kafin ranar zaka gani, tana shan baƙin mai, ƙarfinta ya ragu a gona, da safe sai an sha wuya amma in tayi zafi tana tashi bugu ɗaya, kuma idan tana aiki ka buɗe murfin zuba baƙin mai zaka ga tana huro hayaƙi da ƙarfi. Kik ma zaka ji yana juyawa sakayau ba nauyi. Wannan aikin buɗe injin ne, ba na bakin gona ba. Amma mu tambayi kanmu me ya cinye ringin, amsar kusan kullum ƙura ce. Haro a busasshiyar ƙasa kowa ya san yadda direba yake saukowa fari fat, to abin da injin yake shaƙa kenan in ba don iyakilina, wato filtar iska, ba. Sai ka ga an cire filtar ana buga ta a jikin taya har ta fashe, ko ta toshe an cire ta gaba ɗaya an ce bari a ƙarasa wannan gonar. Wannan gonar ɗaya ta isa ta fara kashe injin. A kakkaɓe ta a hankali, a hura daga ciki zuwa waje, a haska fitila a ciki in an ga huda a canza, masu kofin mai a ƙasa kuma a zubar da taɓon a zuba sabon baƙin mai daidai layi. Ita ce kuma amsar baƙin hayaƙin nan, filta ta toshe, ko ɓera yayi ɗaki a bututun, ko zanzaro ya gina a ciki, har a salansa yana gini idan ta daɗe a tsaye.

Akwai dabarun da suka zama ruwan dare waɗanda nake roƙo a bari. Jiƙa tsumma da fetur a kanga a bakin shan iska, ko fesa maganin sauro na gwangwani ko turare. Eh tana tashi, da wata irin ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, wannan ƙarar kuwa ringi ne da fistin suke karɓar duka, kuma idan hita tana kunne abin zai iya kamawa tun a bututu ya dawo fuskar mai riƙe da tsumman, ko injin ya zuƙe tsumman gaba ɗaya. Masu cewa injin ya saba sai da shi, ba sabo ba ne, lalacewa ce take ƙaruwa. Ja da wata tarakta shi ma, waɗanda ba su da giya ta gargajiya, masu feda gaba da baya da mai yake tuƙa su, ko ka ja su daga nan har Zariya injin ba zai juya ba, sai dai ka lalata abin da yake tuƙa ta. Mafi muni shine tsayawa a ƙasa a gaban tayar baya a haɗa kik da sukundireba. Idan tana cikin giya ta kama, tayar nan a kanka zata fara hawa, ba ka da sakan ɗaya na gudu, kuma an rasa rayuka ta wannan hanyar a duk inda ake aiki da tarakta. Daga kan kujera ake tayar da tarakta, yara kuma a kore su daga wurin tukuna.

Wani abu da damina take kawowa, salansar da take kallon sama idan ba murfi ruwan sama yana bi ta ciki har kan fistin. Idan bayan ruwa ka yi kik ka ji ta juya kaɗan ta tsaya cak, cire hannunka, kar ka sake, kar a ja ta, ruwa ba ya matsuwa sai dai ƙarfe ya lanƙwashe. A cire hita ko nozul a fitar da ruwan tukuna. Gwangwanin tumatir da aka kifa a bakin salansa da yamma ya isa ya hana wannan. Haka cika tanki da yamma bayan an tashi aiki yana rage raɓar da take taruwa a cikinsa. Wanda zai ajiye ta bayan kaka ya cire kan batir, ya nisanta ta da hatsi, ya dinga tayar da ita lokaci lokaci tana yin zafi sosai, kuma ya gwada ta tun watan Afrilu da filtar mai sabuwa a ajiye, ba ranar da aka yi ruwan shuka ba lokacin da kowane bakanike yana da mutum goma a bayansa.

Ba ina zagin kanikawa ba ne ranka ya daɗe, ni ma cikinsu nake, akwai masu tsoron Allah da sanin aiki da yawa. Amma mai tarakta yana da haƙƙin ya tambaya, wane hayaƙi ka gani, mai ya iso filta, ya iso famfo, ya iso nozul, ka nuna min. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Roƙona gare ku shine ku ware ɗan shafi ko sau ɗaya a wata kan gyaran injinan noma da Hausa, da hotuna, tarakta da injin ban ruwa da injin casa, ku nemo masana daga cibiyoyin binciken noma da wayar da kan manoma na IAR da NAERLS da suke Samarun Zariya ko cibiyar injinan noma ta NCAM da take Ilorin su amsa tambayoyin manoma. Gwamnatocin jihohi da hukumomi irin su KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, kuma, duk lokacin da za a raba taraktoci a haɗa da horon kwana biyu uku ga wanda zai tuƙa da hannunsa, ba shugaban ƙungiya kaɗai ba, a ba shi takarda da Hausa da ajami mai nuna inda notin cire iska yake da lambar filtar da zai saya. Dillalan da suke shigo da na hannu su ma a sa su kawo filta da hita da solonoyid na irin samfurin da suke sayarwa, domin yanzu sai mutum ya zaga kasuwannin kayan gyara na Ƙofar Ruwa da Fanteka da tsohuwar filta a leda yana gwadawa da ido.

Na gode da wannan fili, Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
Wani tsohon direba kuma bakaniken tarakta,
daga Kura, jihar Kano.